Alƙalanci a Falon Parkchester

Ko daga barci aka tashe ni aka ce, "Hajiya, cikin duk abin da kika gani a Amurka, wanne ne ba zai fita daga ranki ba?" ba zan ce ƙanƙara ba, ba zan ce dogayen gine-gine ba. Zan ce shekarar da na zama alƙaliya a falon gidanmu na Parkchester, ina yanke hukunci ana rushewa, ina yankewa ana rushewa, kuma da rushewar nan aka ci riba. Wannan kam ba zan manta ba sai ranar da ƙasa ta rufe min ido.

In faɗa muku tun da wuri, ni ban yi boko ba. Ko sunana aka rubuta a bango, sai in yi masa sallama in wuce. Surukata ce take rubuta wannan, ni kuwa ina kishingiɗe ina zubo mata, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min magana. Amma rashin boko ba rashin kai ba ne. A Kano ni ce mai raba gardama a layinmu na masu sayar da atamfa. In mata biyu suka kaure har ɗankwali ya faɗi, sai ka ji an ce a kira Hajiya. In na yanke, ya yanku. Ba a taɓa ɗaukaka min ƙara ba sai da na tsallako teku.

Wanda abin ya shafa ɗana ne na fari. Kun san yadda muke da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na yabonsa, ba na zama in yi hira da shi ido cikin ido. Kakarsa ce ma ta raine shi. Ko da ya ɗauko ni ya kawo ni New York muka zauna gida ɗaya, in zan yi masa magana sai in dubi matarsa in ce, "A gaya wa mutumin nan abinci zai huce," alhali ga shi nan zaune a gabana. Shi kuma tun da ya iya magana, amsa ɗaya na sani a bakinsa: "Haka ne, Inna." Da zan ce masa yau rana daga yamma ta fito, haka zai ce.

Aikin lantarki yake yi, kuma ba don nawa ba ne, hannunsa yana da albarka. Shekara da shekaru yana ƙarƙashin wani dattijon Bature mai ɗan kamfani a tsallaken kogi, can New Jersey. To, a ƙasar nan iya aiki daban, lasisin karɓar kwangila daban. Lasisin na dattijon ne. Sai ga shi tsufa ya cim masa, ya ce shi ya gaji da sanyi, zai koma inda rana take. Ya ce da yaron nan in ya sami lasisinsa kafin ya tafi, zai bar masa mota da kayan aiki da duk masu ba shi aiki. In bai samu ba, sai ya rufe, kowa ya kama gabansa. Akwai kuma samari 'yan ƙasarmu da suke ci a ƙarƙashin kamfanin nan, kowanne da iyali a bayansa, wasu har da masu jira a gida.

Jarrabawar kashi-kashi ce. Kashin wayoyi da wuta ya cinye shi kamar tuwon safe. Amma akwai wani kashi na kasuwanci da doka: yadda ake ƙulla kwangila, haƙƙin ma'aikaci, haraji, inshora. Nan ne ya yi ta faɗuwa. Wai har littafin ake barin mutum ya shiga da shi, amma lokaci ba ya isa ka tsaya laluben shafi, sai abin yana kanka. In ka faɗi kuma sai ka yi zaman jira kafin a sake ba ka dama. Wannan karon shi ne na ƙarshe kafin dattijo ya ɗaure kayansa.

Ni duk ina gani, ina yi kamar ban gani ba. Ya dawo daga aiki ya buɗe littafin nan mai kauri kamar bulo, kafin shayi ya huce ya fara gyangyaɗi. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Ni dai sai in ƙara masa nama a miya in ce hannuna ne ya kuɓuce.

Wata Lahadi da rana surukata tana yi masa tambayoyin gwaji, ni kuma ina gefe ina gyaran zogale. Ya yi ta kuskure, ita kuma haushi ya fara kama ta. Sai ta juyo cikin wasa ta ce, "Bari in tambayi Inna ma, ko za ta fi ka. Inna, ɗan kwangila ya gama ja wa mutum wutar lantarki a gida, mai gida ya ƙi biya. Me zai yi?"

Ban ko ɗaga kai ba na ce, "Wannan ma tambaya ce? Ya koma da tsaninsa ya zare wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya bar shi a duhu. In sauro ya cije shi zai nemo kuɗin."

Ɗan nawa ya ce, "Haka ne, Inna."

Surukata ta fashe da dariya har littafi ya faɗi. Ta ce, "Wane irin haka ne? Ka yi wannan ai kai za a kama!" Ta karanto masa abin da doka ta ce: ba ka taɓa ko ƙusa. Zuwa za ka yi ka shigar da takarda a ɗaure gidan, ba a sayar da shi lafiya sai an biya ka, kuma takardar tana da wa'adi, in ka yi sanya ya wuce. Na ce wannan doka ce ta raggwaye, na ci gaba da zogalena.

Da mako ya zagayo ta sake yi masa gwaji. Ya kuskure nan, ya kuskure can, amma tambayar mai gidan da ya ƙi biya, ta juya ta ta kowace fuska, bai faɗi ko sau ɗaya ba. Har wa'adin ya riƙe. Ta zo ta same ni a ɗaki, ta durƙusa, idonta yana ƙyalli. Ta ce, "Inna, na gano maganin. Duk abin da ya karanta a littafi zubewa yake yi. Amma abin da kika yanke aka rushe, ya zauna daram. Ki zama alƙaliyarmu."

Na ce, "Wato in riƙa yin kuskure da gangan?"

Ta ce, "A'a, Inna. Ki yanke tsakaninki da Allah yadda kika saba."

Sai daga baya na gane yarinyar nan zagina ta yi cikin ladabi. Amma a lokacin kaina ya kumbura, na ce a kawo kujera.

Kotu ba ta yiwuwa sai da masu ƙara. Na kira ƙawata 'yar Kumasi da take zaune a unguwar Soundview, mai aikin kula da tsofaffi, mace mai murya kamar ta mai shelar kasuwa. Aka kira wani abokin ɗan nawa, ɗan Maraɗi mai sayar da tabarau da jakunkuna a Canal Street, wanda in ya fara rantsuwa sai ka sayi abin da ba ka so. Kowace Lahadi bayan azahar sai a ture tebur, a ɗora min matashi biyu a kujera, in yafa babban mayafina, in riƙe muciya a madadin sanda. Surukata ta karanta tambaya ta mayar da ita Hausa, ta raba wa kowa matsayinsa. Su yi rigimarsu, in yanke hukunci, sannan ɗan nawa ya tashi a matsayin lauya ya rushe da abin da littafi ya ce.

Nan aka sami cikas. Shari'ar farko, 'yar Kumasi ce matar gida, ɗan Maraɗi ɗan kwangila. Ana cikin aiki ta ce ya ƙara mata fitilu a kicin, ya ƙara, da aka zo biya ta ce ita ba ta san zancen ba.

Ɗan Maraɗi ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi tallahi, Hajiya, da bakinta ta hwaɗi! Ga ni ga ta!"

'Yar Kumasi ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai, ɓarawo! Ina pepa? Nuna min pepa!"

Na buga muciya na ce maganar baki ta isa, mutum ai da bakinsa ake kama shi, neman takarda a wurin wanda kuka yi sallama da shi rashin kunya ne. Kowa ya juya ya dubi lauya. Lauya ya miƙe, ya buɗe littafi, ya dube ni, ya dubi ƙasa. Gumi ya karyo masa. Ya ce, "Haka ne, Inna." Ya zauna.

Surukata ta ɗora hannu a ka. Ɗan Maraɗi ya ce, "Kai, abokina, wane irin lauya ne kai? Lauyan da ke bin alƙali da amin!" Aka sake, ya sake cewa haka ne. Bakinsa ya san dokar, amma harshensa ya ƙi ɗaguwa a gabana. Ya ce da matarsa a hankali, yana zaton ban ji ba, "In yi wa Inna musu? Gara in faɗi."

Gara ya faɗi! Na ji maganar har tsakar kaina. Tarbiyyar da nake taƙama da ita, ita ce za ta rufe kamfani ta kori bayin Allah daga aiki. Na gyara zama, na dubi surukata na ce, "A gaya wa mutumin nan, in bai tashi ya ƙaryata ni ba, a saya min tikiti gobe in koma Kano. Ba zan zauna gidan da ake raina kotuna ba."

Ina jin ni ce uwa ta farko a ƙasar Hausa da ta yi wa ɗanta barazana don ya yi mata gardama. Ya miƙe a hankali kamar mai ciwon baya. Ya kafa idonsa a kan fankar sama. Da wata murya siririya wadda ban taɓa ji ba, ya ce, "Ba... ba haka ba ne, Inna."

Na ce, "A gaya masa ban ji ba."

"Ba haka ba ne, Inna! Duk ƙarin aiki sai an rubuta, an sa kuɗinsa, kowa ya sa hannu, kafin a taɓa waya!"

'Yar Kumasi ta yi tsalle ta rungume ni, ɗan Maraɗi ya kama rawa da tabarau uku a goshi. Ni kuwa na murtuke fuska na ce a kawo ƙara ta gaba, amma a cikina kamar an buɗe taga.

Daga ranar abin ya zama biki. Lahadi ba ta zuwa da wuri. Na yi ta zuba hukunci irin na gaskiya, yana ta rushewa. Aka kawo ƙarar yaron da yake koyon aiki wurin kawunsa. Na ce a ba shi abinci da kuɗin mota, ya gode wa Allah, wa ya taɓa biyan ɗan ɗan'uwansa albashi? "Ba haka ba ne, Inna." Wai ko ɗanka ne sai ka biya shi cikakke, ka cire haraji ka kai wa hukuma, in ya wuce lokacin tashi ka ƙara masa. Aka kawo ƙarar kuɗin kamfani da na aljihu. Na ce duk aljihu ɗaya ne, wando ɗaya ne. "Ba haka ba ne, Inna." Aka kawo ta sufeton da yake zuwa duba aiki. Na ce baƙo ne, a tare shi da abinci, in zai tafi a sa masa ɗan goro a aljihu, haka mutunci ya ce. Wannan karon har tsalle ya yi: "Inna, wannan gidan yari ne kai tsaye!" Na ce ƙasar da goro yake kai mutum kurkuku, Allah ya kyauta mata.

Har a kicin abin ya bi mu. In ce gishiri ya ji a miya, sai in ji daga falo, "Ba haka ba ne, Inna," jikokina su kwashe da dariya. Na ce a gaya masa kotu ba ta zama ranar Talata.

Sau ɗaya tak na ci, kuma ba zan bari a manta ba. Ɗan Maraɗi ne ma'aikacin da ya hau tsani bai kafa shi da kyau ba, ya faɗo ya karye. Ya hau kujera ya faɗo da gaske, ya baje a kan kafet yana ihu, "Wayyo ƙafata! Wayyo ɗiyana!" 'Yar Kumasi ce mai kamfani, ta tsaya a kansa tana cewa laifinsa ne, gangancinsa ne, ko sisi ba za ta bayar ba. Na buga muciya na ce, "Rufe min baki! Wanda ya faɗi a bakin aikinka naka ne. A yi masa magani, a ciyar da gidansa har ya miƙe. Ba a tambayar mai karaya laifin wa." Na juya ina jiran a rushe. Lauya ya buɗe littafi, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya ɗago yana murmushi ya ce, "Wannan kam haka ne, Inna. Dole mai kamfani ya yanki inshorar ma'aikata, ita za ta biya, ko laifin wane ne."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ashe Bature ma yakan yi hankali wani lokaci! Guɗar nan ta ratsa bene, har wata tsohuwa 'yar Bangaladash da take ƙasanmu ta hawo da farantin alawa, tana zaton haihuwa aka yi. Ta tarar da ƙato kwance a ƙasa yana kuka, ni a kan matashi biyu da muciya. Ta ajiye farantin a hankali ta ja da baya. Alawar dai mun cinye.

Ranar jarrabawa na tashi na yi alwala na yi abin da uwa take yi, ba sai na faɗa ba. Da zai fita ya durƙusa a bakin ƙofata. Na dubi bango na ce, "Allah ya ba da sa'a." Shi ke nan. Surukata ta ɗauki hutu, muka zauna muna kallon waya kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Na share falo, na sake sharewa. Can bayan azahar waya ta yi ƙara, ta buɗe murya don in ji.

"Na ci!" Haka ya faɗa. "Na ci! Wallahi kowace tambaya da fuskarta ta zo. In na karanta sai in ga ɗan Maraɗi yana rantsuwa, in ji Inna ta buga muciya, sai kawai in zaɓi akasin abin da ta yanke. Ban da ta mai tsani. Har dariya ta kuɓuce min, mai gadin jarrabawa ta harare ni."

Surukata ta yi ta tsalle tana kuka. Ta miƙo min wayar. Zuciyata kamar ta fasa ƙirji ta fito, amma ɗan fari ɗan fari ne. Na ce, "To, madalla. A gaya masa ya biya ya sayo albasa, ta ƙare."

Kafin wani lokaci gida ya cika. 'Yar Kumasi ta iso da tukunyar shinkafa da wake, ɗan Maraɗi ya rufe teburinsa ya hawo jirgin ƙasa mai lamba shida, samarin kamfani suka zo da matansu. Kowa yana ta murna, ni ina zaune a gefe da carbi, fuska a ɗaure, ana cewa, "Kai, Hajiya akwai kunya." Ba su san guɗa ce ta taru min a maƙogwaro ba, tana neman shaƙe ni. Da na ga zan mutu, na ɗauki mayafi na ce zan sauka in sha iska.

Ina shiga lif, ƙofa ta rufe, na duba ba kowa. Na toshe hanci na sake ta. Jama'a, tun da nake ban taɓa yin guɗa irin wannan ba, ko a bikin autata. Na yi har ƙasa, na danna na koma sama ina yi, na sake saukowa. Har da rawa, ni da gwiwar da likita ya ce in lallaɓa. Ina tsakiyar wata doguwa ƙofa ta buɗe a ƙasa.

Ga shi tsaye, littafin nan a hammata, ledar albasa a hannu. A bayansa kuma tsohuwar nan 'yar Bangaladash, ta zaro ido.

Na haɗiye sauran guɗar. Na gyara mayafi. Na dubi bangon lif na ce, "A gaya wa masu gidan nan injin lif ɗinsu ya lalace. Tun daga sama yake wani irin kuka."

Ya shigo ya tsaya a gefena, ya danna hawanmu. Muka fara tashi. Ina kallonsa ta wutsiyar ido, hawaye yana bin kumatunsa, bakinsa kuma yana rawa don dariya. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ba haka ba ne, Inna."

Ban ce a gaya masa komai ba. Hannu na miƙa na karɓi albasar, na bar hannuna a kan nasa har muka kai.

Yau motar kamfani tana yawo da sunansa a jiki. Ba na iya karantawa, ba na kuma iya faɗa, amma daga nesa nake gane ta. Samarin nan suna nan suna aiki, an ma ƙara wasu. Hukunce-hukuncena kuwa har gobe ina nan a kan bakana, nawa sun fi na littafi daɗin ji, musamman na zare wayoyi.

Abin da na koya shi ne, da na ɗauka ɗa nagari shi ne wanda ba ya ɗaga maka harshe. Ashe itacen da bai taɓa jin iska ba, ba ka san ƙarfin saiwarsa ba. Wanda zai riƙe ma'aikata da amanar gidajen mutane, dole ya iya cewa ba haka ba ne, ko a gaban wa, cikin ladabi. In kuwa bai koya a gaban wadda ta fi kowa ƙaunarsa ba, a gaban wa zai koya? Ku iyaye, ku riƙa barin ƙofar nan a buɗe ko da kaɗan ne. Ni sai da na tsufa na buɗe tawa, kuma ta nan arziki ya shigo.